Wanda Zai Zauna a Kujerar Dama

Illela, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune cikin jirgin ƙasa lafiya, ka ci guzurinka, ba ka kuma manta akwatinka a tashar Gusau ba. Allah ya kai ka Kaduna da ƙafafunka biyu, ya dawo mana da kai a kansu. Ka ce amin ko da kana ganin addu'ar ta yi maka kaɗan. Kafin ka kai ƙarshen takardar za ka san dalilinta.

Na ba innarka ita ta sa maka ƙarƙashin sabuwar rigarka, na ce ta gaya maka kada ka buɗe sai jirgi ya tashi. Za ka yi mamaki a ce mutumin da kuke gida ɗaya, wanda ya shekara goma sha biyar yana cika wa 'ya'yan mutane kunne a aji, shi ne ya koma rubuta maka wasiƙa. Akwai maganar da ba zan iya faɗa ba kana kallona, ita kuwa takarda ba ta da ido.

Ba zan ba ka labarin gari ba, jiya ka bar shi. Ba zan kuma ce maka ka riƙe salla, ka girmama manyanka a ofis ba, innarka ta riga ta yi wannan sau bakwai, ni na ƙirga. Maganar mota zan yi maka.

Ka san wadda nake nufi. Jar motar nan mai ƙofa biyu da ke jikin shafin mujallar Faransanci, wanda abokinka Garba na kwastan ya yago daga Ƙonni. Wata biyu ke nan kuna zagaye da takardar a rumfar tela Ɗanjuma, ta sha hannu har tayar gaba ta goge. Motar da ko a ƙasar da ake ƙera ta ba a fara sayarwa ba, amma a Illela an riga an yi faɗa a kanta sau uku. Garba ya rantse za ta kai Sakkwato kafin mutum ya gama cin goro ɗaya. Ɗanjuma, wanda har yau sai an riƙe masa keke yake hawa, ya ce shi giyarta ce ba ta gamshe shi ba. Wani ya ce ja ce ta fi gudu. Na ji duk wannan ina wucewa masallaci, na yi dariya, na ce a raina samari sun sami abin yi da ba ya ɓata wa kowa gona.

Sai kuka tare ni in fassara muku rubutun da ke ƙarƙashin hoton, tunda ni ne mai Faransancin unguwa. Na karanta muku: inji a gaba, tayoyin baya ke tura ta, kujeru biyu na kirki da wani ɗan gurbi a baya wanda ko akuya sai ta lanƙwashe. Gajeruwa, cikinta na kusan shafar ƙasa. Kuma wai an yi ta da arha don saurayin da ya fara ɗaukar albashi, za ta fito bayan damina. Da na zo wurin tayoyin baya, na tsaya na yi muku bayanin yadda irin wannan mota ke shan kwana, yadda gindinta ke ɗan zamewa sannan ya dawo. Ban san muryata ta canza ba sai da na ga kuna kallona. Ka ce, "Baba, ashe ka san mota haka?" Na ce maka karatu ne kawai. Wannan ƙarya ce, kuma ba ita ce babba ba.

Har nan ban ji tsoro ba. Tsoro ya zo ranar Jumma'ar da ta wuce, muna shan fura a zaure tare da baffanka Habu. Ka ce da zarar ka zauna a aiki ba za ka jira ta iso kantin Kaduna ba, ta Ƙonni za ka sa a kawo maka, don can za ta fara sauka kuma da sefa, kuɗin can, ta fi sauƙi. Ka ce sitiyarinta na hagu ba wani abu ba ne, mutum ya saba cikin kwana biyu. Sannan ka dubi baffanka ka ce shi ne mutum na farko da za ka ɗauka, a kujerar gaba, ka kai shi Sakkwato ya huta da jan ƙafa zuwa tasha. Habu ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce, "Wagga kujera na san ta, ɗana. Na taɓa zama." Kai ka ɗauka wasansa ne na kullum. Ni kuwa furar ce ta sarƙe ni, kuka yi ta bubbuga mini baya.

Bari in fara daga farko.

Lokacin kana ɗan shekara huɗu, kafin in shiga aikin malanta, ni akawu ne kuma tafinta a wurin wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Ƙonni. Yana da ƙaramar mota mai kujera biyu, marar rufi, kakar wannan taku ce. Ya koya mini tuƙi ne don in riƙa kai masa saƙo. Kwana uku na yi ina zagaya filin da ake tara buhuna, babu rami, babu jaki, babu mota mai zuwa. Rana ta huɗu ya buga mini kafaɗa ya ce na iya. Na yarda da shi, domin a lokacin ina ganin duk abin da na karanta sau ɗaya na san shi. Na haddace ɗan littafin motar daga bango zuwa bango, na san sunan kowane ƙarfe da Faransanci. Na ɗauka tuƙi ma nahawu ne.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ina ganin alamarsa a jikinka, don gado ne. Kai ma mai littafi ne. Takardar lasin da za su ba ka a Kaduna shaida ce kawai cewa ka zagaya gari da wani Bature ko wani saje a gefenka ba ka take kowa ba. In za ka koyi tuƙi, ka nemi tsohon direban gingimari, irin wanda bai iya rubuta sunansa ba, wanda zai zage ka daga safe har azahar. Ka jure zagin, ka saya masa goro. Ka ce ya kai ka hanyar burji bayan ruwan sama, ya bar motar ta zame da kai sau goma a inda babu kowa, har jikinka ya san abin da zai yi ba sai ya tambayi kanka ba.

Bayan wata biyar maigidan nawa ya tafi hutu ƙasarsu. Ya bar mini makulli, ya ce in riƙa tayar da injin kowace safiya kada ya mutu. Tayar da inji kawai ya ce. Sati biyu na yi ina bin umarni. Sai wata ranar kasuwar Illela, da sassafe aka yi ruwan farko na shekara, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Na zauna cikin motar injin na kuka, na tuna da majalisarmu ta bakin kasuwa, wadda ba ta da bambanci da rumfar Ɗanjuma sai dai rigunanmu sun fi naku faɗi. Wata biyar ina ba su labarin ina tuƙa mota, suna cewa sai sun gani. Na sa giya.

Na shigo Illela ina danna hon ko babu kowa a gabana. Mata suka ajiye tallansu, mahauta suka fito da wuƙaƙe a hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau ban sake ji ba. Baffanka Habu yana cikin taron. Kai ba ka san shi a tsaye sosai ba. Ɗan kokawa ne a lokacin, shekararsa ashirin da biyu, ya kayar da mazan Garu da na Tozai, har a Ƙonni makaɗa sun san sunansa. Bai buɗe ƙofa ba, tsalle ɗaya ya yi ya faɗa kujerar da ke gefena. Ya ce in kai shi wajen Gidan Katta mu dawo, a ga gudunta. Majalisa ta ɗauki ihu. Na san hanyar da laka, na san motar ba tawa ba ce, na kuma san ban taɓa tuƙi a wannan ɓangaren iyaka ba sai 'yar tafiyar da na yi da safen. Amma mutum talatin na kallona.

Kuskure na biyu ke nan. Ka lura, Sa'idu, motar da kuke mafarki ba a yi ta don kai hatsi kasuwa ba. An yi ta ne don a gan ta, shi ya sa take ja. Duk wanda ya saye ta ya sayi 'yan kallo tare da ita, su kuwa 'yan kallo ba su shiga motar. Garba zai ce ka nuna musu gudunta, Ɗanjuma zai ce ai ya faɗa giyar ba ta da kirki, don ya tunzura ka. Ranar da ka ji ƙafarka na taka totur saboda abin da wani zai faɗa a rumfa, ka tsaya ka kashe inji, ka ce mai ya ƙare. Za su yi maka dariya sati ɗaya, ba za ta kai biyu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san abin da kowane yaro a garin nan ya sani: a ƙasarmu mota hannun hagu take bi, sitiyari a dama. Da ka wuce shingen kwastan ka nufi na duwan, wato kwastan ɗin can, sai ka koma hannun dama, su kuma sitiyarinsu a hagu. Mun sami mulkin kanmu, su ma sun sami nasu, amma kowa ya riƙe hannun da Baturensa ya bar masa. Direbobinmu suna sauya hannu a tsakanin shingayen nan kamar mai sauya takalmi a ƙofar masallaci, har ba wanda yake ganin abin a bakin komai. Abin da ba a lura da shi shi ne wannan: in ka ɗauko motar can ka hau hanyar nan, kai direba kana gefen daji, a ɓoye. Wanda ke zaune a damanka shi ne a tsakiyar hanya. Shi ne idonka in za ka wuce wata mota, kuma duk abin da ke tahowa, shi zai fara samu.

Ban manta da sauya hannu ba. Da na manta da sai in ce mantuwa ce, Allah yana yafe mantuwa. Tun daga shinge nake faɗa wa kaina hagu, hagu, kuma a hagu nake. Muna gudu, Habu ya tashi rabin tsaye yana kirari, iska ta ɗauke masa hula. Sai muka zo wata kwana, gingimari ta ɓullo ɗauke da buhunan gero za ta kasuwa. Tana kan hannunta, ina kan nawa. Da na bar sitiyarin yadda yake, da mun wuce juna mun ɗaga hannu.

Amma na tsorata. Kaina ya san ina Nijeriya, hannuwana kuwa a Ƙonni suka yi karatu. Wata biyar duk motar da ta tunkaro ni dama nake kauce mata, sai suka kauce dama, kai tsaye gaban gingimarin. Da na ga abin da na yi, na fizgo hagu da ƙarfi, ƙafata kuma maimakon ta ɗaga sai ta danne totur. Nan ne abin da na yi muku bayani a rumfa da murya mai daɗi ya faru. Tayoyin baya suka tura, laka ta ƙi riƙe su, gindin motar ya juyo ya miƙa wa gingimarin gefen dama, gefen Habu.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Hulata ma tana kaina.

Da amalanken shanu aka kai shi wurin maɗori a Tozai. Cinya ta karye wuri biyu, gwiwa ta murƙushe. Maɗorin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abin da kake gani yau shi ne iyakar. Duk hanya Habu bai yi kuka ba, sau ɗaya kawai ya tambaye ni ko an tsinto masa hularsa.

Saboda haka ka ji da kyau. Mutum ba ya sabawa da hannu biyu cikin kwana biyu, ko cikin shekara biyu. Yana sabawa ne a lokacin da hankalinsa ke kwance. Ranar tsoro, jiki yana komawa inda ya fara koyo. Mu mutanen iyaka mun fi kowa shiga wannan hatsari, don muna ganin mun iya duka biyun. Ka koyi hannu ɗaya. In za ka sayi motar, ka jira ta iso Kaduna da sitiyarinta a dama, ko da za ta fi tsada, ko da Garba zai riga ka da shekara guda. In ka zo gida da ita, ka ajiye ta a Illela, ka shiga Ƙonni a kan jaki kamar kakanka.

Saura na ƙarshe, wanda ya fi nauyi.

Washegari 'yan doka suka zo Tozai, kakanka ma ya zo, Allah ya jiƙansa. Ka ji labarin zafinsa. Ya tsaya a kan Habu ya tambayi yadda aka yi. Ina tsaye a bakin ƙofa. Kafin in haɗa kalma ɗaya Habu ya ce shi ne. Ya ce wasa ya ɗebe shi ya kama sitiyari ya ja, ni kuwa na yi ƙoƙarin gyarawa. Kowa ya yarda nan take, don an san shi da wasan banza, ni kuma an san ni da littafi. Direban gingimarin ya ce shi dai ya ga wani a tsaye cikin mota, haka ne kuma. Kakanka ya zagi Habu yana kwance da karaya. Ni aka ce Allah ya tsare ni daga haukan ƙanena.

Ban ƙaryata shi ba. Na ce zan faɗa in ya warke. Da ya warke na ce sai hankalin tsoho ya kwanta. Sai aka ɗauke ni horon malanta, na ce in na faɗa yanzu za a ce marar amana ne, a kore ni. Sai tsoho ya rasu yana ganin Habu ne ya karya kansa. Bafaranshen ya sallame ni a kan ɗaukar mota ba izini, wannan kaɗai na biya. Gari kuwa ya laƙaba wa baffanka suna. Kai kanka tun kana ƙarami Baffa Sitiyari kake ce masa, yana amsawa yana ba ka alewa daga teburin goronsa. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ni kuma na ce wa kowa idona ne ba shi da ƙarfi shi ya sa ba na tuƙi, alhali kana gani ina karanta ƙananan rubutun gefen littattafan fiƙihu ba tabarau. Ban san yadda yaro mai wayo irinka bai taɓa tambaya ba.

Shawarar da ke bin wannan kuskure gajeruwa ce, don ban cancanci in tsawaita ta ba. In ka yi ɓarna, a ofis ko a hanya, ka faɗa a ranar, kafin wani mai ƙaunarka ya riga ka ya ɗauka. In ya riga ka, kowace safiya faɗar tana ƙara wuya.

Shekaranjiya na je teburin Habu na ce zan rubuta maka komai. Ya ci gaba da yayyafa wa goro ruwa kamar bai ji ba. Na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, dalilin da ya sa ya yi haka. Ya ce ƙafar ta riga ta tafi, bai ga amfanin a haɗa da aikina ba, gida ɗaya ba ya ɗaukar guragu biyu. Sannan ya ce, "Gaya mashi, Yaya. Amma ka gaya mashi har da daɗin da munka ji kahin kwanar nan. In ka ɓoye wanga, ba shi yarda da sauran." Shi ya sa ka ga ban ɓoye ba.

Ban hana ka motar ba. Na karanta tarihi isasshe, ban ga inda uba ya hana ɗansa abin hawa ya hanu ba. Kuma da zan yi maka rantsuwa, da aka miƙo mini takardar nan a rumfa sai da zuciyata ta buga kamar ta ɗan shekara ashirin da takwas. Kyakkyawa ce. Tsoron da nake ji ma daga nan yake, don na san abin da take yi wa mutum tun kafin ya taɓa ta. Tun Jumma'a, ko ina tsakiyar darasi, sai in ga kwanar nan, in ga gingimarin, sai dai fuskar da ke bayan sitiyari taka ce.

Abu biyu nake roƙo, ba umarni ba ne.

Na farko, in ka rubuto wa baffanka, ka rubuta Baffa Habu. Ɗayan sunan nawa ne. Ranar Jumma'a mai zuwa bayan an sauko, zan je rumfar Ɗanjuma da majalisar bakin kasuwa in karɓi abina. Habu ya ce in na yi haka zan ɓata masa ciniki, don rabin masu sayen goronsa sunan ne ke kawo su. Zan yi duk da haka.

Na biyu, alƙawarin da ka yi masa na kujerar gaba, na karɓe shi. Kada ka ɗauki kowa, ko aboki, ko yarinyar da za ka so ka burge, sai ka ci damina ɗaya cur kana tuƙi kai kaɗai. Bayan nan, mutum na farko da zai shiga ni ne. In ka ji maganata ka sayi mai sitiyari a dama, zan zauna a gefen daji in yi ta gyara maka tuƙi har Sakkwato, ka ji yadda ɗalibaina ke ji. In kuwa ka ƙi ji, ka ɗauko ta Ƙonni, to kujerar dama tawa ce, ta tsakiyar hanya. Shekara goma sha bakwai ke nan da ya kamata in zauna a cikinta. Duk lokacin da hannunka ya yi niyyar fizgar sitiyari, ka san tsohonka ne a wajen.

Baffanka ya ce bai yarda ba, shi aka yi wa alƙawari, kuma shi ya san kujerar. Na ce masa ya yi zamansa, nasa ya isa.

Innarka tana gaishe ka, ta ce man shanun da ke cikin gwangwani na ci ne, ba na rabo ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, da damanka da hagunka. Ya tsare wanda ke tahowa ta ɗaya hannun, shi ma ɗan wani ne. Ya sa duk hanyar da ka hau ka sauka da ƙafarka, ka kuma sauke wanda ka ɗauka da tasa. Ka rubuto da ka isa, ko layi biyu ne.

Wassalam.

Mahaifinka.